Tsohon Ingila da Wuƙar Takaba

Tun ina aji huɗu a sakandare a Zariya na haɗu da tsohon. Bature ne ɗan Ingila, ya mutu tun kafin a haifi mahaifina, kuma littafinsa aka ɗora mana don jarrabawa. 'Yan ajinmu sun tsane shi saboda kaurin littafin, ni kuwa na cinye shi kaf kafin malami ya kai rabi. Ba Turancin ne ya kama ni ba, mutanen da ke ciki ne. Manoma ne da makiyaya da masu tatsar nono, a ƙauyen da kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa, inda mace za ta je ɗebo ruwa ta dawo ta tarar an gama yanke mata hukunci. Ban da ruwan sama da ba ya ɗaukewa da giyar da mazan ke ɗirka, da sai in rantse labarin ƙauyen kakata yake bayarwa.

Daga nan na bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga nan rigimarmu ta fara. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai. Zai ƙirƙiro mace mai kai, mai zuciya, ya sa ka ƙaunace ta, ya nuna maka shi ma yana tausayinta, sannan ya kama hannunta a hankali ya miƙa ta ga bakin mutane su cinye. In ka tambaye shi dalili sai ya nuna sama, wai ƙaddara. Ni ma na yarda da ƙaddara, watakila ma fiye da shi, amma na san bambancin abin da Allah ya rubuta da abin da maƙwabta suka rubuta. Da ya manyanta sai ya ajiye rubuta labari ya koma waƙa. Matarsa ta rasu, ya zauna ya yi ta rera mata waƙoƙin kewa, alhali an ce shekaru suka yi a gida ɗaya ba mai kula wani. Wannan ma ban yafe masa ba. Mun fi shekara talatin muna sa-in-sa, shi yana kabari ni ina duniya, kuma babu wanda ya sauko.

Maigidana ne ya raɗa masa suna tsohon. Mun zo Faransa a farkon shekarun dubu biyu, shi yana karatun injiniya a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ni ina fama da Faransanci kamar mai tauna tsakuwa. Da ya gama ya samu aiki a ɗaya daga masana'antun sinadarai na Saint-Fons, muka kama gida a Villeurbanne kusa da layin taragon cikin gari, muka zauna. Allah bai ba mu haihuwa ba. Na san akwai masu cewa littattafai ne suka cika ɗakin har yaro ya rasa inda zai sa ƙafa, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa faɗa mini makamanciyar wannan ba. Abin da yakan ce in ya dawo aiki ya tarar da ni a dunƙule da littafi shi ne, "Malama, yau tsohonki ya bar mana tuwo, ko waƙa za mu ci?"

Bai taɓa karanta shafi ɗaya na mutumin ba. Ya ce lissafi ya ishe shi wahala. Amma bayan cin abinci sai ya jawo kwanon lemo, ya ciro wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ya taho da ita tun daga gida, ya ce in ci gaba daga inda muka tsaya. Ni ina ba shi labarin da Hausa, shi yana feƙe lemo irin na masu talla a tasha, ɓawon yana saukowa siriri a murɗe ba ya tsinkewa. Yana da ra'ayi a kan kowa. Mazan littattafan duk sakarkaru ne a wurinsa, kuma in labari ya zo inda za a zalunci yarinya sai ya ajiye wuƙar ya ce in tsallake. Ba na tsallakewa.

Shi ya tura ni na yi rajistar digirin digirgir a wata jami'a a Paris, a kan labaran tsohon da waƙoƙinsa. Ina koyar da Turanci a Lyon, ina rubutu a ɗan lokacin da ya rage, shi ya sa aikin ya ja shekaru har kunya ta fara kama ni. Babin da na fi alfahari da shi a kan bakin mutane ne, yadda gulma ke kashe mutum a littattafan nan ba tare da an zare makami ba. Akwai kuma babi na ƙarshe a kan waƙoƙin da ya yi wa matarsa, inda na wanke shi tas, na ce ihu ne bayan hari. Kullum maigidana yana tambaya, "Wai yaushe tsohon nan zai sakar mini matata?" Daga ƙarshe jami'a ta gaji da ni, ta ce ko in kare aikin a gaban farfesoshi kafin shekara ta fita, ko a rufe fayil ɗina. Aka sa rana a watan Disamba. Na ce masa, to, ka ji, a Disamba zai sake ni.

A can al'ada ce in an gama kare aiki ɗalibi ya ɗan shirya walima a ɗakin da ke kusa, a ci a sha da farfesoshin. Maigidana ya ɗauki wannan a kansa. Ya ce babu ruwansa da cukunsu, kilishi zai sa a kawo daga gida da zoɓo mai citta, sai ya ga gumi a goshin kowane farfesa. Har ya yi magana da wani mai zuwa daga Kano.

A watan Oktoba ya rasu. Ranar Lahadi ce, bayan azahar, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya ɗan kishingiɗa. Kafin motar asibiti ta iso an gama. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tsaya ba na iya wucewa. Aka binne shi a sashen Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari, na shiga takaba.

A nan Hajiya ta shigo rayuwata da tabarmarta. 'Yar Maraɗi ce, ta zo Lyon tun ina firamare, mazanta biyu sun yi aikin ƙarfi a masana'antun nan kuma duka ta binne su. Duk wata Bahaushiya da ke yankin, 'yar Nijar ce ko 'yar Najeriya, in ta haihu Hajiya ce, in an yi rasuwa Hajiya ce. Gajeriya ce, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta neman izini. Da aka watse zaman makoki sai kawai na ga ta shimfiɗa tabarma a falona ta rataye carbinta a jikin ƙofa, na gane na yi baƙuwar da ba ranar tafiya.

Ta karanto mini dokoki. Babu ado, babu turare, babu kwalli, wannan duk na sani kuma na yarda. Sai ta ƙaro nata: kada in ɗaga murya, kada in taka ƙasa ba takalmi, kada in leƙa taga. Sannan ta shiga kicin tana bincike, ina jin ƙarar cokula. Wuƙaƙen duk sun yi mata girma. Tana fitowa idonta ya faɗa kan kwanon lemo, ta ɗauki 'yar wuƙarsa, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta danƙa mini a hannu. Ta ce mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, in zan kwanta in sa a ƙarƙashin matashi, in zan motsa in riƙe. Na ce, Hajiya, wannan fa ba ya cikin littafi, malamai ma hanawa suke yi.

Ta ce, "Na sani ba shi cikin littahi, ɗiyata. Uwata ta riƙe, ni na riƙe har sau biyu. Ke ma riƙe. Mi za ta rage miki?"

Da wata wuƙar ce da na mayar mata da abarta. Amma tasa ce, ƙotar har ta yi santsi saboda hannunsa. Na karɓa, kuma cikin 'yan kwanaki na saba da ita har ba na sanin tana tare da ni.

Inda muka fara samun saɓani a kan littattafai ne. Hajiya ta lulluɓe kantar littattafaina da zani, ta ce labaran soyayyar Nasara ba abin da mai takaba za ta kalla ba ne. Na bar zanin mako guda saboda girmanta. Daga nan na yaye shi, na ninke, na ajiye mata a kan tabarma, na ɗauko waƙoƙin tsohon da fensirina na zauna a tsakiyar falo. Ban ɓuya ba, don ban ga abin ɓuya ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa tarar da ni haka, su yi mini ta'aziyya da baki, idonsu yana kan fensirin. Kafin a jima magana ta kai Clichy-sous-Bois da ke gefen Paris, wurin matan da ban taɓa gani ba, ta tsallaka teku ta sauka Zariya. Wai ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na koma boko. Wai dama boko ne mijina na gaskiya.

Sai ga wayar yayan maigidana. Ya yi gaisuwa doguwa, ya yi addu'a, sannan ya zo kan magana. Ya ji an ce ina shirin zuwa Paris a cikin takaba, yana fatan ƙarya ce. Na ce gaskiya ce, Yaya. Ya ce in dubi abin da mutane za su ce. Na dubi takarduna a kan tebur, shafuka kusan ɗari da na rubuta a kan wannan jimla tasa, ga ta yau ta zo mini har gida da muryar ɗan'uwa. Na ce masa da ladabi ƙaninsa ne ya sa ni a wannan hanya, kuma da yana raye da shi zai riƙe mini jaka. Ya ce ai ba ya raye. Wannan ta soke ni, kuma ya san ta soke ni.

Ba wai ban nemi mafita ba. Na kira malamar da ke duba aikina, wata dattijuwar Bafaranshiya da ta yi haƙuri da ni shekara da shekaru, na roƙe ta a ɗaga ranar. Ta yi iya ƙoƙarinta. Amma farfesoshi biyar ne aka haɗa da ƙyar, ɗaya daga Ingila zai taso, ɗaya yana barin aiki a ƙarshen shekara, jami'a kuma ta ce ta gama ƙara mini lokaci. Abin da kawai ta iya shi ne ta mayar da zaman daga yamma zuwa hantsi. Na kira limamin masallacinmu na tambaye shi kai tsaye. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura ta gaske, sharaɗin dai ta dawo ta kwana a gidan mijinta. Na tambaye shi ko an ƙayyade nisa. Ya yi 'yar dariya ya ce waɗanda suka rubuta littattafan ba su san jirgin ƙasan da ke kai mutum Paris a awa biyu ba.

Da na gaya wa Hajiya, ba ta ɗaga kai daga carbi ba. Ta ce a garinsu mai takaba ko ƙofar gida ba ta zuwa, balle wata ƙasa. Na ce Paris ba wata ƙasa ba ce. Ta ce a wurinta wata ƙasa ce. Raina ya ɓaci, na manta da dokar ɗaga murya. Na ce mata na karanta labarin mata iri-iri da suka sunkuyar da kai saboda kada a ce, kuma babu ɗaya da sunkuyon ya cece ta, an dai ce ɗin. Na ce Allah ya ɗauke mini miji, na karɓa hannu biyu, amma aikin nan ba Allah ne yake neman ɗauke shi ba, mutane ne, kuma ba zan ba su ba. Zan je, zan dawo in kwana a gadonsa, mai magana ya yi ta yi.

Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. A rana ta uku tana tankaɗe gari, ba tare da ta dube ni ba, ta ce in sayi tikiti biyu. Na fara yi mata godiya, ta katse ni. Ta ce ba rakiya za ta yi mini ba, gadi za ta yi, don ta tabbatar ƙafata ta dawo inda ta fito.

Muka kama jirgin safe. Ni cikin hijabi fari sol ba ko ɗan kunne, ita cikin rigar sanyin marigayi mijinta na biyu da ta kai mata har gwiwa. A shekarar garin Paris a ɗar-ɗar yake, sojoji da bindigogi a tasha, ana buɗe jakar kowa a ƙofar duk wani babban gini. Na san da haka, ina ganinsa a talabijin kullum. Na shirya takarduna, na shirya katin shaida, na shirya amsar duk tambayar da na zaci za a yi mini. Abu ɗaya ne ko kusa bai zo mini a rai ba.

A ƙofar jami'a akwai layi, ɗalibai da malamai, kowa yana miƙa jaka. Mai gadin wani dogo ne baƙar fata, mai ladabi, ya gaishe mu ya buɗe tawa. Ya ɗaga kundin aikina, ya ɗaga littafin waƙoƙi, sai ya ciro farin ƙyalle. Tun kafin ya warware na tuna abin da ke ciki. Ya buɗe, ga wuƙa a tafin hannunsa, ga ni a gabansa cikin hijabi har ƙasa. Wata yarinya da ke bayana ta ja da baya a hankali.

Ya tambaye ni ta mece ce. Ta yaya zan gaya wa mutumin nan, da Faransanci, a bainar jama'a, cewa mijina ya rasu, kuma a wurinmu tsofaffi suna ba matar mamaci ƙarfe ta riƙe, kuma ni ban ma yarda da abin ba amma ina riƙe da shi? Na ce ta feƙe lemo ce. Ya dubi jakar, babu lemo. Ya ce doka ce, ba za ta shiga ba. Ya nuna mini wani kwandon roba a gefen teburinsa, cike da almakashi da abin yanke farce, ya ce in jefa a nan in wuce, amma in sani abin da ya shiga kwandon ba ya dawowa. In kuma na ƙi, sai ya kira na sama da shi, su kuma watakila su kira 'yan sanda.

Na dubi agogon da ke saman ƙofa, lokacin zaman ya kusa. Na dubi kwandon. Hankali ya ce in jefa, ƙarfe ne kawai, shekarun da na zuba a aikin nan sun fi shi. Amma hannuna ya ƙi. Na ce masa ba zan jefa ta cikin tarkacen nan ba, kuma ba zan koma ba, farfesoshi biyar suna jirana a sama, ya kira duk wanda zai kira. Na faɗa da ƙarfi, da Faransancin da ban san ina da shi ba. Na ga ya kai hannu ga na'urar da ke kafaɗarsa, kuma a gaskiya ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma da za a mayar da ni wurin yau, abin da zan faɗa ke nan.

Sai Hajiya ta matso. Faransancinta na kasuwa ne, amma ya isa. Ta tambaye shi, in wuƙar ba ta shiga ba, ta tsaya a waje, akwai laifi? Ya ce abin da ke kan titi ba ruwansa da shi. Ta miƙa hannu, ya ɗan yi shakka, ya sa mata. Ta naɗe ta a ƙyallenta ta cusa a cikin rigar sanyi, ta juyo gare ni.

Ta ce, "Shiga, ɗiyata. Ni zan riƙe miki. Hannun nan ya san ta."

Na ce, Hajiya, zaman zai yi awa uku ko fiye, ga sanyi, ki shiga gidan shayin can. Ta ce gidajen shayinsu har giya suke sayarwa, ba ta shiga irin wurin da wuƙar mamaci a jikinta. Ta nuna wani benci a rumfar jiran bas, tsallaken titi, ta ce a can zan same ta. Ta tura ni da gwiwar hannu kamar yadda ake tura yarinya makarantar allo.

Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur, farfesoshi a jere, ni kaɗai a gabansu, kujerun baƙi a bayana babu kowa sai ɗalibai biyu da suka zo kallo. Na yi bayanina. Suka yi ta tambaya, ina amsawa, wani lokaci hannuna ya lallaɓa cikin jaka yana neman ƙyallen ya dawo wayam. A kan bakin mutane ba su same ni ba ko kaɗan, don ranar ba daga littafi nake magana ba. Na ba su misalai daga labaran tsohon, na nuna musu yadda ba a taɓa ganin wanda ya fara maganar, sai dai a ga wadda ta faɗi.

Baturen da ya zo daga Ingila ne ya zo kan babi na ƙarshe. Dattijo ne mai sanyin murya, kuma na lura malamata ta riga ta gaya musu halin da nake ciki, don yana ta zagaye-zagaye. Daga ƙarshe ya ce na yi wa mawaƙin hukunci mai tsanani a kan waƙoƙin matarsa, shin har yanzu ina nan a kan bakana?

Na ce ina nan. Na ce mutumin da ya zauna da mace shekaru bai ce mata komai ba, sai da ta mutu bakinsa ya buɗe, ya yi ihu ne bayan hari, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai zan ƙara, wanda ban sani ba lokacin da na rubuta, shi ne duk kukan mutuwa ihu ne bayan hari. Wanda ya yi shiru da wanda ya yi ta magana kullum a kan kwanon lemo, in abin ya zo duk a makare suke. Na ce a watannin nan na sake karanta waƙoƙin, kuma har yanzu ina jin haushinsa, amma ban ƙara cewa ƙarya yake yi ba. Muryata ba ta yi rawa ba, na yi wa kaina wannan alkawarin tun a jirgi. Baturen ya cire tabarau ya goge, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Suka fitar da ni suka yi shawara, suka kira ni, kowa ya miƙe tsaye, aka ce an ba ni digirin. Malamata ta rungume ni. Ɗakin walima yana nan kusa, a buɗe, tebur babu komai a kai. Na ba su haƙuri na ce ina da jirgi, na sauko da gudu-gudu. Mai gadin ya gan ni ya ɗaga gira, na gyaɗa masa kai, ya yi murmushi.

Hajiya tana kan bencin, yadda ta ce. Ta dunƙule cikin rigar, hancinta yana zuba, leɓɓanta sun yi fari, a zaune ta yi azahar. Hannunta na dama yana cikin riga, da ta fito da shi yatsun sun ƙage a kan ƙyallen, sai da na ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Ta ce, an ba ki? Na ce an ba ni. Ta ce to alhamdu lillahi, mu tahi, rana ba ta jiran dokta.

A jirgi na saya mata shayi mai zafi, ta riƙe kofin da hannu biyu har jini ya dawo mata. Mun yi nisa, gonaki suna wucewa, sai ta ce wai shi wannan tsohon da ake ta wahala a kansa, me ya ce ne a kan matar tasa? Na gaya mata da Hausa, yadda na saba gaya wa wani. Na ce yana komawa wuraren da suka taɓa zuwa tare suna yara yana nemanta, yana tuna rigar da ta sa, yana tambayarta me ya sa ta tafi ba sallama. Hajiya ta ce ashe takaba ya yi, don dai namiji ne babu wanda ya ba shi abin riƙewa. Na yi shekaru ina karanta abin da masana suka rubuta a kansa, ban ce ta fi su ba, amma ban yi mata gardama ba.

Daga baya na ji yadda ta yi da masu magana. Duk wadda ta ɗauko zancen Paris a gabanta sai ta ce da ita aka je, da ita aka dawo, mai tambaya ya zo ya same ta. Yayan maigidana bai sake kira ba sai da na fita takaba, kuma bai ce mini dokta ba har yau. Ban rasa barci a kan wannan ba.

Mun iso Villeurbanne ana kiran isha a wayar Hajiya. Na buɗe ƙofa na yi sallama kamar kullum, na cire takalmin waje na sa na ɗaki. Kujerarsa tana inda take, kwanon lemo yana kan tebur, lemon ciki duk sun yamushe don tun Oktoba babu wanda ya taɓa su. Na ajiye kundin a gefen kwanon, na warware ƙyallen na ɗora wuƙar a kai. Na tsaya a gaban kujerar na ce, "Malam, tsohon ya sakar maka matarka."

Hajiya, wadda ta hana ni ɗaga murya tun ranar da ta shigo gidan, ta wuce kicin ta ja ƙofa, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta bar ruwan yana ta zuba.